Ina matan suke? Ƙarancin mata a duniyar gem da harkar kwamfuta

Ɗan_Tsakiya:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni, kuma don Allah a ɗauke ta da kyakkyawar niyya. Me ya sa mata suka yi ƙaranci a harkar gem da duk abin da ya dangance ta? Ku duba zauren nan namu ma, in ana maganar sabon wasa ko haɗa kwamfuta, maza ne ke ta surutu. Ka shiga wasan harbi na intanet ka kwana kana bugawa, da wuya ka ji muryar mace. Ka kalli manyan gasanni na duniya, biyar nan biyar can, duk maza. Shin abin ne ba ya burge su tun asali, ko akwai abin da ke korar su? Na fi son jin ta bakin matan da ke cikinmu.

Gimbiyar_Dare:
Wa alaikumus salam. Muna nan, ɗan'uwa, kuma mun fi yadda kake zato yawa. Ina tabbatar maka ka sha buga wasa da mace ba ka sani ba. Sunan da nake amfani da shi a wasannin harbi ba ya nuna mace ce ko namiji, makirufona kuma kullum a kashe yake. In abokan wasa suka matsa in yi magana sai in rubuta musu cewa ya lalace. Ba kunya ce ke sa ni haka ba. Ranar da na buɗe baki na ce "akwai mutum biyu a bayan ƙofar hagu", magana ta bar kan wasa ta dawo kaina. Wannan yana tambayar shekaruna, wancan yana neman lambata, wani ya ce me mace take yi a nan. Da muka sha kashi, ni aka ɗora wa laifi, alhali ni ce ta biyu a yawan maki. Tun daga nan na ga shiru ya fi mini kwanciyar hankali. To kai da kake ƙirge da kunne, ka daɗe kana ƙirga ni cikin maza.

Sarkin_Yaƙi77:
Allah ya ba ki haƙuri 'yar'uwa, abin da suka yi ba daidai ba ne. Amma fa zagi a gem ba wanda ya tsira. Ni ma an zage ni ba adadi, har iyayena ba a bari ba. A ganina halitta ce kawai. Namiji yana son gasa da nuna bajinta, mace kuma hankalinta na wani wajen. Ba wanda ya kulle ƙofa, wasa yana nan kowa ya sauke. In ba su zo ba, ba sa so ne.

Gimbiyar_Dare:
Sarkin_Yaƙi77, kai ana zaginka ne in ka yi kuskure. Ni ana fara nawa tun kafin a harba harsashi ko ɗaya. Ba iri ɗaya ba ne.

Malam_Lissafi:
Kafin mu yi nisa bari mu gyara tambayar, don maganar cewa mata ba sa gem alƙaluma ba su goyi bayanta ba. Ƙungiyar kamfanonin wasannin bidiyo ta Amurka, ESA, tana fitar da rahoto duk shekara, kuma fiye da shekara goma ke nan mata ba su sauka ƙasa da kashi 40 cikin 100 na masu wasa a ƙasar ba, wasu shekarun har sun kai 48. Cibiyar bincike ta Pew ma ta tambayi manya a 2015, ta samu kashi 50 na maza suna wasa, mata kuma kashi 48. Kusan kunnen doki. Inda aka rabu shi ne da aka tambaye su ko suna ɗaukar kansu 'yan gem: maza kashi 15 suka ce e, mata kashi 6. Wato matan suna bugawa, amma ba sa jin cewa gidan nasu ne. Wannan, a wurina, ita ce ainihin tambayar da Ɗan_Tsakiya ya kamata ya yi.

Sarkin_Yaƙi77:
Malam, ai wannan lissafin har da masu Candy Crush a waya aka haɗa. Ni gem na gaske nake magana.

Tauraruwa_9:
Wane ne ya ba da ikon raba na gaske da na ƙarya? Yayata ta wuce mataki na dubu a wasan da kake rainawa, tana tsara yadda za ta ci kowane mataki da 'yan motsin da aka ba ta. Wani kuma ba abin da yake bugawa sai ƙwallo shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa ce masa ba ɗan gem ba ne. Na lura duk wasan da mata suka yi yawa a cikinsa sai a cire shi daga lissafi, sannan a juyo a ce ina matan.

Malam_Lissafi:
Sarkin_Yaƙi77 yana da gaskiya ta wani ɓangare, kuma bai kamata mu ɓoye ba. Kamfanin Quantic Foundry ya fitar da bincike a 2017 kan 'yan wasa kusan 270,000. A wasannin haɗa abubuwa uku masu kama da juna, da na noma da kula da iyali, mata sun kai kashi 69. A wasannin harbi da kake gani ta idon ɗan wasa, kashi 7 ne. A na motsa jiki irin su ƙwallo, kashi 2 kacal. Bambancin yana da girma, ba musu.

Sai dai a binciken nan dai akwai abin da ke karya maganar halitta. Wasannin labari da yaƙi na Turai da Amurka, matsakaicin matan da ke buga su kashi 26 ne, amma Dragon Age: Inquisition shi kaɗai ya kai kashi 48. Takobi ne da dodanni da yaƙi kamar sauran 'yan'uwansa. Abin da aka san shi da shi shi ne kana iya zaɓar jarumarka ta zama mace, an zuba aiki a kan labari da alaƙar mutanen cikinsa, kuma babban labarin kai kaɗai kake bugawa, ba baƙon da zai shigo kunnenka. In jinsi ne kaɗai ke yanke hukunci, da ba a ga irin wannan tazara tsakanin wasanni masu kama da juna ba.

Injiniya_Mace:
Ni ta ɓangaren kwamfuta zan shigo, don tushensu ɗaya da gem. Mutane da yawa suna zaton tun fil'azal harkar ta maza ce, alhali tarihi bai ce haka ba. Ada Lovelace ta wallafa bayanin yadda inji zai bi matakai ya yi lissafi tun 1843. Kwamfutar ENIAC da aka ƙaddamar a Amurka a 1946, mata shida ne suka fara tsara mata aiki, suna jona wayoyi da hannu, kuma an daɗe ba a ambaton sunayensu. Grace Hopper tana cikin waɗanda suka share hanyar da ta kai ga COBOL, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta. Margaret Hamilton ce ta jagoranci masu rubuta manhajar da ta yi aiki a kumbon Apollo da ya kai mutane duniyar wata.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne na jami'o'i. A Amurka, a 1984, mata ne suka karɓi kashi 37 na digirin farko a kimiyyar kwamfuta. Daga nan adadin ya riƙa gangarowa har ya kai wajen kashi 18 a kusan 2010. A daidai lokacin kuma mata suna ta ƙaruwa a likitanci da lauya. Halittar mace ba ta canza a 1984 ba. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya faru a shekarun nan shi ne kwamfuta ta shiga gidaje, aka tallata ta a matsayin kayan wasan yara maza. Jane Margolis da Allan Fisher sun yi hira da ɗalibai a jami'ar Carnegie Mellon, suka ga iyalai sun fi saya wa ɗa namiji kwamfuta, ko a ajiye ta a ɗakinsa ko da 'yar ma tana so. Sai a zo aji, yaron ya shigo da gogewar shekaru, yarinyar ta ga kamar ita ce ba ta da kai. Jami'ar ta gyara yadda take ɗaukar ɗalibai da yadda take koyar da 'yan shekarar farko, mata masu shiga sashen suka tashi daga kashi 7 a 1995 zuwa kashi 42 a 2000. Shekara biyar ke nan.

Dattijon_Atari:
Allah ya yi miki albarka 'yata, kin tuna mini da zamaninmu. Ni na fara da Atari, tsohuwar na'urar gem da ake jona wa talabijin, kuma yaran yanzu ba su san cewa wasu wasannin da muka fi so mata ne suka yi su ba. River Raid na 1982, wanda kake tuƙa jirgi a kan kogi kana harbi kana neman mai, Carol Shaw ce ta rubuta shi. Centipede, Dona Bailey ce ta yi shi tare da Ed Logg. Roberta Williams ita da mijinta suka kafa kamfanin Sierra, ita ce ta ƙirƙiro King's Quest a 1984. Shi kansa Pac-Man, wanda ya ƙirƙira shi, Toru Iwatani, ya faɗa cewa ya yi shi ne don ya jawo mata su ma su shigo wasa. Tallace-tallacen lokacin za ka ga uwa da uba da 'ya da ɗa duk a gaban talabijin.

A 1983 kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe. Da Nintendo ya shigo da na'urarsa a 1985, sai ya sayar da ita a matsayin kayan wasan yara, kayan wasan yara kuwa an riga an raba su, na maza daban na mata daban. Aka zaɓi maza. A 1989 aka fito da ta hannu aka sa mata suna Game Boy. Daga nan har shekarun 1990 mujallu da talla duk da samari suke magana, in ka ga mace a ciki ado ce aka yi da ita don a jawo ido. Yaran da suka tashi a haka su ne suka girma suka zama masu yin wasannin, suka yi irin abin da suke so, suka sayar wa irinsu.

Baƙon_Zaure:
Baba, to amma kamfani ai riba yake bi. Da mata suna saye da an yi musu.

Dattijon_Atari:
An yi, kuma sun saya, ɗana. Barbie Fashion Designer na 1996 ya sayar da fiye da kwafi 500,000 cikin 'yan watannin farko. The Sims ya fito a 2000 ya zama ɗaya daga cikin wasannin kwamfuta da aka fi saye a tarihi, mata kuma suna da yawa sosai a masu buga shi. Nintendo da kansa ya dawo ya nemi kowa da kowa da na'urarsa Wii a 2006, ya sayar da fiye da miliyan 100. Kuɗin yana nan tun tuni, masu yanke shawara ne suka daɗe ba su waiwaya ba.

Uwar_Biyu:
Ni abin da Injiniya_Mace ta faɗa a gidana na gan shi. 'Yan biyu gare ni, mace da namiji. Duk wanda zai kawo musu kyauta, in na'ura ce ko wani abu mai batir, hannun namijin yake miƙa wa, ba tare da ya ko yi tunani ba. Hannun gem biyu ne a gidan, amma in abokan yaron suka zo, ita ce ke tashi ta ba da nata ta koma gefe tana kallo tana faɗa musu inda za su bi. Kuma ta fi shi iya Minecraft nesa ba kusa ba, ita ce ta koya masa haɗa wutar da ke buɗe ƙofa da kanta. Sai da na kafa doka: kowa da lokacinsa, baƙo kuma a cikin lokacin wanda ya gayyato shi zai buga.

Akwai kuma maganar lokaci da ban ga an taɓo ba. Ni ina son manyan wasanni masu dogon labari, amma rabona da in zauna awa uku a jere ba a kira ni ba har na manta. Wasan intanet ba a tsayar da shi, in ka tashi tsakiyar fafatawa tawagarka ta faɗi, wasu wasannin ma hukunta ka suke yi. Hukumar ƙwadago ta duniya, ILO, ta ce a rahotonta na 2018 mata ne ke yin fiye da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da iyali wanda ba a biya. Mai irin wannan nauyi wasan da za ta ajiye cikin minti biyar za ta nema. Sai a ga tana buga na waya a ce shi take so, alhali shi ne rayuwarta ta bar mata.

Tauraruwa_9:
Anti Uwar_Biyu, wallahi kin faɗi abin da ke raina. Allah ya raya su.

Sarkin_Yaƙi77:
Na ji duk wannan, kuma na ƙaru da tarihin. Amma ku amsa mini ɗaya. Gasa ba ruwanta da talla ko kyautar yara. Ba ƙarfin jiki ake buƙata ba, yatsa ne da ido da ƙwaƙwalwa. Kuɗi ne masu yawa a ajiye. In iyawa ɗaya ce, ina zakarun mata?

Kyaftin_Tawaga:
Akwai su, ko da yake ba su da yawa. Sasha Hostyn, wadda aka sani da Scarlett, ta ci babbar gasar StarCraft II a PyeongChang a 2018. Li Xiaomeng 'yar Sin ta ci gasar duniya ta Hearthstone a 2019, maza ta doke. Amma labarin da ya fi amsa tambayarka shi ne na Geguri 'yar Koriya ta Kudu. A 2016, tana 'yar shekara 17, ta yi wasa a wata gasar Overwatch, saitinta ya yi kyau har wasu ƙwararrun 'yan wasa suka ce ba yadda za a yi, manhajar maguɗi take amfani da ita. Sai da ta zauna a gaban kyamara kai tsaye, ana kallon hannunta, ta maimaita abin da ta yi. Gani ya kori ji. A 2018 ta shiga tawagar Shanghai Dragons, ta zama mace ta farko a babbar gasar Overwatch League.

Ka yi tunanin hanyar da ake bi a kai matakin nan. Dubban awoyi ne tun kana ɗan shekara goma sha, a wasan tawaga da dole ka yi magana da murya. Yarinyar da ke kashe makirufo kamar Gimbiyar_Dare ta riga ta rasa rabin makaminta, don ba ta iya ba da umarni ko karɓa a kan lokaci. In ta daure ta kai sama, sai ta samu tawagar da za ta yarda ta ɗauke ta, a zauna gida ɗaya ana atisaye. A kowane mataki wasu na zubewa. In yara maza dubu suka fara, mata hamsin, ba abin mamaki ba ne goman farko su zama maza. An kuma yi bincike a 2016 kan dubban 'yan wasan EverQuest II, aka ga in lokacin da aka zuba a wasa ɗaya ne, mata suna hawa mataki da saurin da maza ke hawa.

Baƙon_Zaure:
To ni gasar mata zalla ce ban gane ba, irin Game Changers da aka fara a Valorant a 2021. In ana cewa iyawa ɗaya ce, raba gasa ai kamar amincewa ne cewa ba za su iya da maza ba.

Hasken_Wata:
Ni mace ce kuma a nan ina tare da kai. Judit Polgár ta ƙi tsayawa a gasar darar chess ta mata, ta yi ta karawa da maza har ta kai ta 8 a duniya a 2005, ta kuma taɓa doke Kasparov, tsohon zakaran duniya. Wanda kake karawa da shi shi ke ɗaga ka. In aka killace mu wuri ɗaya, da junanmu kawai za mu riƙa gwada ƙarfi, tazarar ba za ta rufe ba.

Gimbiyar_Dare:
Hasken_Wata, 'yar'uwa, na fahimce ki amma ban yarda gaba ɗaya ba. Polgár mahaifinta ne ya tsaya mata tun tana ƙarama, da 'yan'uwa mata biyu masu dara a gida ɗaya. Yawancinmu ba mu da wannan gatan. Karon farko da na yi wasa da murya a buɗe daga farko har ƙarshe, a tawagar mata ne. A nan na gano ashe na iya jagorantar tawaga, abin da shiru ya hana ni sani. Babbar gasa a buɗe take ga kowa, ba a hana mace shiga ba. Ta matan wurin koyo ne da samun masu kallo da masu ɗaukar nauyi. Matsala za ta zama in aka mai da ita iyakar tafiya.

Mai_Zane:
Bari in kawo ta cikin gida, don aikina ke nan, zanen mutanen cikin wasa. A ƙaramin kamfanin da na fara aiki ni kaɗai ce mace a sashenmu. An taɓa ba ni zanen wata jarumar yaƙi, na yi mata sulke cikakke kamar na sauran mayaƙan. Aka dawo mini da shi da jan alƙalami a kan ciki da cinya, wai a buɗe nan da nan. Na tambaya ta yaya mai shiga ruwan kibau za ta bar cikinta a waje, aka ce haka 'yan wasa suke so. Ba wanda ya tambayi 'yan wasa mata, don ba a sa su cikin lissafi ba. Binciken da ƙungiyoyin masana'antar ke yi yana nuna mata wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne zuwa kashi 30 na masu yin wasanni, a ɓangaren rubuta manhaja da shugabanci kuma sun fi haka ƙaranci. Ba kuma shigowa ce kaɗai matsalar ba, zama ne. Kamfanin Riot Games ya amince a ƙarshen 2021 zai biya dala miliyan 100 don sasanta ƙarar da ma'aikata mata suka shigar kan wariya. A 2014 kuma, lokacin rikicin Gamergate, da aka yi ta cin zarafin matan harkar gem a intanet, an wallafa adireshin gidajen Zoë Quinn da Brianna Wu tare da barazanar kisa har suka bar gidajensu, Anita Sarkeesian kuma ta soke laccar da za ta yi a wata jami'a a jihar Utah bayan an yi barazanar harbe mutane a wurin. Mu da muke ɗalibai lokacin muna kallo. Na san waɗanda suka canza layi saboda abin da suka gani.

Mai_Karatun_Dare:
Ɗan_Tsakiya ya ce gem da abin da ya dangance ta, to ni a wancan ɓangaren nake: ƙagaggun labaran kimiyya, zanen Japan, finafinan jarumai. A can mata ba su yi ƙaranci ba ko kaɗan. Lokacin da aka so dakatar da shirin talabijin na Star Trek a 1968, wata mata, Bjo Trimble, ita da mijinta suka shirya gangamin wasiƙun da ya sa aka ƙara masa shekara. Mujallun masoya shirin da aka riƙa bugawa da hannu bayan nan, yawanci mata ne ke rubuta su. Taskar intanet ta Archive of Our Own, inda masoya finafinai da littattafai ke zuba labaran da suka ƙirƙira a kansu, wadda mata suka fi yawa a masu kafa ta da masu rubutu a cikinta, ta ci kyautar Hugo, babbar kyautar ƙagaggun labaran kimiyya, a 2019. Abin da ke faruwa shi ne ana girmama wanda ya haddace sunaye da shekaru, ana raina wadda ta zana hoto ko ta ɗinka kaya ko ta rubuta sabon labari. Kuma in mace ta ce tana son wani abu sai a fara yi mata jarabawa: faɗi sunan wane, a wace fitowa kaza ya faru. Ɗan'uwana bai taɓa fuskantar wannan tambayar ba, ni kuwa kusan duk sabon zaure sai an yi mini.

Kyaftin_Tawaga:
Ina so in dawo kan maganar Sarkin_Yaƙi77 ta farko, cewa kowa ana zaginsa, don an gwada ta. Masu bincike biyu, Kuznekoff da Rose, sun shiga wasan harbi na Halo 3 da muryoyin da aka riga aka naɗa, ɗaya ta namiji ɗaya ta mace, kalmomi iri ɗaya marasa tsokana. Sakamakon da suka wallafa a 2013 ya nuna muryar mace ta sha munanan maganganu kusan ninki uku na ta namiji. Wani nazarin na 2015 a kan wasan dai ya gano mazan da ba su iya wasan ba su suka fi yi wa muryar macen rashin mutunci, ƙwararrun sun fi sakin fuska.

A tawagarmu dokar ɗaya ce: wanda ya taɓa wata saboda ita mace ce, gargaɗi ɗaya, na biyu waje. In kuma baƙo ne a wasan da aka haɗa mu, ɗayanmu yake fara cewa "bar wannan, mu yi wasa", kada a bar ta ita kaɗai tana kare kanta. Yawanci jumla ɗayan nan daga bakin namiji tana kashe maganar. Yanzu mata uku ne a cikinmu, dukansu da murya a buɗe.

Sarkin_Yaƙi77:
Wannan dokar taku ta yi, kuma ba ni da ja a kan binciken muryar. Inda har yanzu nake tsaye shi ne, ko an gyara komai, ba na jin wasan harbi zai taɓa zama rabi da rabi. Akwai bambancin sha'awa da ba wanda ya dasa shi.

Injiniya_Mace:
Ɗan'uwa, ba wanda ya ce dole sai rabi da rabi. Mai yiwuwa bambanci ya rage bayan an gyara, amma ba za a san girmansa ba sai an daina korar masu so. Ka kuma duba cewa adadin ba ɗaya ba ne a ko'ina. A Malesiya an daɗe mata suna kusan rabin ɗaliban kimiyyar kwamfuta, don a can ana ganinsa aikin ofis ne da ya dace da mace. Sapna Cheryan ta yi wani gwaji da aka wallafa a 2009: ɗaki ɗaya, wani lokaci a cika shi da hotunan Star Trek da kwalayen gem, wani lokaci a sa hotunan daji da littattafai na kowa. Matan da suka zauna a na biyun sun fi nuna sha'awar karanta kwamfuta, mazan kuma ba abin da ya canza musu. In kayan ɗaki kaɗai na iya motsa sha'awa haka, ina ga shekara arba'in na talla da zagi.

Hasken_Wata:
Amma wannan gwajin yana ɗan damuna. Ni hotunan nan su suka jawo ni harkar. Ba na so a ce sai an sauke abin da nake ƙauna daga bango kafin a ce an yi wa mata wuri. Mu ma masu son sa muna nan.

Ɗan_Tsakiya:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta kowane saƙo. Abin da ban zata ba shi ne yawan matan da suka fito a zauren nan, wasu sunayen na daɗe ina gani ban san mata ba ne. Tambayar da ta rage mini ita ce ta masu tasowa. Ƙanwata 'yar shekara 13 ta fara nacin wasan tawaga na intanet. In bar ta ta buɗe murya ko in ce ta kashe kamar yadda Gimbiyar_Dare take yi?

Uwar_Biyu:
A shekarunta ni ba zan bar ta da baƙi ba, mace ce ko namiji. Yawancin na'urori suna da saitin da zai sa ta ji muryar abokan da ka amince da su kaɗai. Ka fara da wannan, ka kuma riƙa bugawa tare da ita.

Gimbiyar_Dare:
Na yarda da Anti a kan baƙi. Amma kada ka ce mata ta ɓoye cewa ita mace ce, don abin da za ta ji shi ne laifin nata ne. Ka nuna mata inda ake toshe mutum da inda ake kai ƙara, ka haɗa ta da 'yan mata sa'o'inta masu wasan. Wane wasa take bugawa? In na tawaga biyar ne, akwai wata a cikinmu da ƙanwarta ke neman abokiyar wasa, sai ku yi magana ku manyan tukuna.